Wanda Ya Riga Tsayawa Shi Ke Wucewa

Da sunan Allah, masanin abin da ya wuce da abin da zukata suka ɓoye. Wannan babin na daɗe ina kewaye shi. Na ba ku labarin zuwana Madina, na ba ku na haihuwarku ɗaya bayan ɗaya, amma duk sanda na iso shekarar da Abbanku ya ajiye makullin mota sai in rufe biro in ce sai gobe. Yau dai zan faɗa, don na gaji da jin maganar tana wuce min ta bayan kunne. Na san abin da kuke cewa in kun haɗu, musamman kai Mustafa, da kake tsammanin in ka juya harshe zuwa Larabci shi ke nan ka kulle min ƙofa. Shekara arba'in da ɗoriya da wane yare kake zaton nake cefane a garin nan? Cewa kuke da Umma ta kama bakinta ranar nan, da yanzu Abba na kwance a maƙabartar Baƙi'a cikin maƙwabtan Manzon Allah, ba a can bayan Daura ba inda babu ɗayanku da ya san hanya. To ku zauna ku ji yadda aka yi. In kun gama ji, ku yanke hukuncin da kuka ga dama.

Abbanku, wanda unguwa ke kira Malam Idi, direba ne tun kafin ya aure ni. Ni ban taɓa kama sunansa ba sai yanzu a takarda, kuma ko yanzu sai da hannuna ya yi nauyi. A iƙamarsa, takardar da ta ba shi izinin zama a ƙasar nan, direba aka rubuta, ni kuma zamana a jikin tasa yake rataye. Kafilinsa, wato ubangidan da ya tsaya masa a takarda, wani dattijo ne mai gonakin dabino a Ƙuba, Ammu Salih, mutumin da bai taɓa ɗaga masa murya ba. Ƙubar da aka kawo ni ba ita ce wannan da kuka sani ba. Daga ƙofar gidanmu kana jiyo bugun injin ban-ruwa, dabino ya yi wa hanya rumfa, da la'asar iska na fitowa daga cikin gonaki da ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa da na na'ana'a. In dabino ya fara nuna, Abbanku zai shigo da farar a-kori-kurarsa, wadda a nan ake ce wa wanet, bayanta cike da ruɗab, ɗanyen dabino sabon tsinka, ku fito da gudu ba takalmi kuna hawa taya, ina daga ciki ina faɗa babu mai ji na. Hanyoyin unguwa duk na yashi ne, babu allo babu danja. In motoci biyu suka haɗu, wanda ya fi girman mota ko ƙarfin oda shi ke wucewa, ɗayan ya bi shi da addu'a ko da akasinta.

Daga baya aka fara sayar da gonakin. Aka sare dabino, aka yanka filaye, aka shimfiɗa kwalta, gidaje suka tashi inda muke tsinkar na'ana'a. A kusurwar da gidan burodin tamis yake, daura da ƙaramin masallacinmu, tituna biyu suka gitta juna, kuma babu wanda ya fi wani faɗi balle a ce shi ne babba. Motoci suka yi ta gwabza wa juna a wurin, har wata safiya muka tashi muka ga an kafa jajayen alluna masu kusurwa takwas, an rubuta ƙif, wato tsaya. Ba ɗaya ba, ba biyu ba, kowace hanya cikin huɗun da nata. Unguwa ta samu abin dariya. Maƙwabcinmu Abakar, mutumin Chadi mai tuƙa tankar ruwa, ya ce ɗan kwangila ne allunan suka yi masa yawa ya rasa inda zai kai su. Mata a wurin suna suna tambaya, in kowa ya tsaya to wa zai tafi, ko sai an yi kiran salla a watse?

Abbanku kaɗai bai yi dariya ba. Daren farko, bayan mun ci tuwo, ya jawo farantin shayi ya jera kofuna huɗu suna fuskantar juna, ya tara ku. 'Yar'uwarku Zainabu tana kan cinyarsa, kai Mustafa kana ta miƙa hannu za ka tura kofi ana make ka.

"A nan babu babba babu yaro," in ji shi. "Kowa ya zo sai ya tsaya cak, taya ta daina juyawa. Wanda ya riga tsayawa shi ke wucewa. In kun tsaya tare, ka duba damanka, na damanka shi ke da hanya, yadda ake miƙa ƙoƙon ruwa a majalisa."

Ya nuna muku yadda biyu masu fuskantar juna za su wuce tare in duka miƙewa za su yi, da yadda mai karya kwana zuwa hagu zai jira mai miƙewa. Ni da neman magana na ce to in duka huɗun suka iso a tare fa, tunda kowa yana da wani a damansa? Ya ce sai a kalli fuskar juna, ɗaya ya ɗaga hannu, sauran su bi. Ya ce abin da ya sa wurin ya burge shi ke nan: a danja fitila kake kallo, ko ɗan'uwanka ya mutu a gefenka ba ruwanka, amma a nan dole ka kalli mutum ka san da zuwansa. Daga ranar ya ɗauki mararrabar nan kamar gadon gidansu. Ko da tsakar rana ce, zafi ya kori kowa, babu ko kyanwa a titi, sai ya tsaya, ya duba dama, ya duba hagu, sannan ya wuce. Na sha ce masa Malam aljanu kake jira? Sai ya ce su ma ai bayin Allah ne.

Abin da ya tsana a wurin shi ne kara. Kun san mutanenmu. Yaro ya riga isowa, ya hango furfura a ɗaya motar, sai ya kunna fitila yana cewa tafaddal ya ammi, wato wuce Baba. Wasu dattawan su ji daɗi su wuce. Abbanku kuwa sai ya sauke gilashi ya yi wa yaro tatas. Ya ce in ka ba ni layinka, na bayanka da na gefenka sun ɓata lissafi, kowa ya shiga zato, kuma zato shi ke kashe mutane a titi. Ya ce kara a zaure take da wurin cin abinci, ba a kan kwalta ba. Samarin unguwa har suna suka sa wa wurin, Mararrabar Malam Idi, kuma duk wanda zai koyi mota sai ubansa ya turo shi ya sha wa'azin kofuna huɗu. Ina jin haushin surutun a lokacin. Yanzu da za a dawo min da dare ɗaya cikin waɗannan, da shayin yana hucewa yana ta bayani, da na ba da abin da na mallaka.

Shekaru suka tafi. Ammu Salih ya rasu, 'ya'yansa suka riƙe Abbanku don amanar ubansu. Suka ɗauke masa doguwar tafiyar Khaibar da ya saba yi, ya koma kai katan-katan na dabino daga sito zuwa shago, da kai tsohuwarsu Harami. Ku kuma kuka watse, kowa da gidansa, muka rage mu biyu. A nan ne wasu abubuwa suka fara faruwa waɗanda na ɗora wa tsufa. In na ajiye masa kofi a gefensa sai ya ture shi da gwiwar hannu. Wata mata ta kawo min ƙara wai ta gaishe shi a bakin masallaci, tana dab da kafaɗarsa, ya wuce kamar bai san ta ba, wai ko Malam ya fara girman kai ne. In zai kalle ni sai ya juyo da kai gaba ɗaya, ba ya saci kallo ta wutsiyar ido yadda ya saba tun muna yara. An ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, to ni ɗakina ya daɗe yana yoyo, unguwa duk ta sani, ni ce ta ƙarshen ji. Har wani alfahari ya tsiro da shi. Ya dawo gida yana murmushi ya ce Allah ya yi masa baiwa a kwanakin nan, duk sanda ya iso mararraba shi ke riga kowa, bai ƙara jiran kowa ba. Na ce to Allah ya ƙara daraja, na ci gaba da tankaɗe.

Al'adarmu ce duk Asabar da safe mu yi alwala a gida mu tafi masallacin Ƙuba mu yi raka'a biyu. Ni a gaba nake zama, kusa da shi. Wata Asabar muka iso mararraba, na ga tankar Abakar a damanmu, ta daɗe a tsaye, har ruwan da ke ɗiga daga bututunta ya yi ɗan tabki a kwalta. Abbanku ya tsaya cak yadda ya saba, ya ɗan motsa kai dama da hagu, ya wuce. Tanka guda, mai girman ɗaki. Na waiga na ga Abakar ya sunkuyar da kai yana kallon cinyarsa. Na ce a raina ƙila sun yi wata alama ban gani ba. Asabar ta gaba wani ɗan Sudan mai tasi ne ya riga mu, shi ma ya zauna kamar an dasa shi har muka wuce. A dawowa yaron mai tamis ne a kan babur. Nan na san da matsala, don mutumin da na sani da ya tsaya ya zage su ɗaya bayan ɗaya a kan sun yi masa kara. Bai zage su ba domin bai gan su ba.

Ban yi wata-wata ba, washegari na shiga gidan Abakar. Na gaisa da matarsa Halime, na ce a kira min maigidan. Ya tsaya a bayan labule, na tambaye shi ba kwana-kwana. Ya yi ta kame-kame, daga baya ya ga ba zan tashi ba ya saki. Ya ce tun bara suka lura, ranar da saura ƙiris Malam ya shige ƙarƙashin tankarsa. Suka zauna a masallaci bayan la'asar, dattawan unguwa, suka yi shawara a kan duk wanda ya hango farar wanet ɗin Malam Idi ya tsaya har ta wuce, ko wa ya riga. Suka bi gida-gida suka faɗa wa masu mota, har Bayamanin mai kanti da 'yan Pakistan na gidan tamis. Kowa ya amsa, babu wanda ya yi musu.

"Ya Hajiya, mu rufin asiri muka yi," in ji Abakar. "In aka karɓe ruksarsa ta tuƙi, iƙama ta tafi, halas, shi ke nan. Shekara nawa bawan Allah nan yana roƙon ya mutu a Madina? Ke kina so a sa shi a jirgi?"

Na fito daga gidan ban san ko godiya zan yi ko zagi ba. Unguwa guda, Bahaushe da Balarabe da Ba'indiye, sun haɗa baki don mijina ya ci gaba da zama mutum. Wallahi na yi kuka a hanya don daɗin abin. Amma ina kukan ina jin tsoro, don titi ba na 'yan unguwa kaɗai ba ne. Da na isa gida na ce masa ya kamata ya je a duba masa ido. Ya ɗauko Alƙur'ani ƙaramin bugu ya karanta min shafi guda ba tabarau, ya karɓi allurata ya zura zare, ya miƙo min yana dariya ya ce ni ce dai zan je. Kuma gaskiyarsa, abin da ke gabansa tar yake ganinsa. Ina cikin neman ta inda zan ɓullo masa, yadda ba zan tona mutanen da suka rufa masa asiri ba, Asabar ta riga ni.

Lokacin ba a daɗe da ba mata izinin tuƙi ba. Muka iso mararraba, na ga wata ƙaramar mota ruwan toka a damanmu, baƙuwa ce, ban taɓa ganinta a unguwa ba. Yarinya ce a ciki, ba za ta wuce sa'ar Zainabu ba, ta riƙe sitiyari da hannu biyu. Ta riga mu tsayawa, babu ko tantama. Ta jira muka tsaya, ta duba ko'ina yadda aka koya mata, ta taho. Abbanku ma ya taho. Kafin in buɗe baki na ji ƙarar. Ba gudu ake ba, Allah ya taƙaita, amma hancin wanet ya shige ƙofar bayanta, gilashi ya zube ciki. A jikin wannan ƙofar kujerar jaririnta take. Na fita ban san na bar takalmi a mota ba. Yarinyar ta fizgo ɗan tana juya shi tana duba ko'ina, yana tsala kuka, ɓaraguzan gilashi na zuba daga bargonsa. Ko ƙwarzane bai yi ba. Abbanku ya fito yana salati, yana tambayata daga ina ta ɓullo.

Nan da nan mutane suka cika wurin, masu layin tamis da masu fitowa daga masallaci. Ɗan murur ya zo, wato ɗan sandan hanya, ya duba motocin, ya duba allunan huɗu, ya yi tambaya ɗaya tak: wa ya riga tsayawa? Abbanku ya ce shi ya tsaya, ya duba, babu kowa. Kuma iyakar gaskiyarsa ya faɗa. Abakar ya matso ya ce a gabansa aka yi, Malam ne ya riga. Wasu mutum biyu suka mara masa baya, ɗaya har da rantsuwa. Wani daga baya ya ce mata jiya-jiya suka fara tuƙi, me suka sani. Yarinyar tana rungume da ɗanta, tana ta maimaita wallahi ta tsaya, wallahi ita ce ta farko, tana kallon fuskokin mazan nan ɗaya bayan ɗaya babu wanda ya yarda ya haɗa ido da ita. Ba ta da kowa a wurin. Ɗan murur ya ɗaga biro zai rubuta.

Ba zan ce muku na tsaya na auna iƙama da Baƙi'a da jirgi ba. Na san da su duka, Abakar ya riga ya jera min su. Abin da na gani shi ne 'yar mutane ta bi doka daidai yadda mijina ya kwashe shekaru yana koya wa yaran unguwa, kuma za a ce mata ita ce mai laifi, ta koma gida tana zargin idonta. Sannan gobe wata baƙuwar motar za ta zo. Na buɗe baki da Larabcina na kasuwa na ce ita ce ta farko. Ɗan murur ya tambaye ni ko ni wace ce, na ce matar direban wanet. Abbanku ya juyo da kansa gaba ɗaya ya dube ni, ya yi min magana da Hausa, a hankali.

"Kin gan ta?"

"Na gan ta, Malam. Ta riga mu."

Ya daɗe yana kallona. Sannan ya juya ya ce wa ɗan murur ya rubuta yadda na faɗa. Ya je gaban yarinyar ya ba ta haƙuri, ya sa hannu a kan jaririn ya yi masa addu'a. Ranar ba mu je Ƙuba ba.

A gida bai ci abinci ba. Bayan la'asar Abakar ya yi sallama, suka zauna a ɗakin baƙi, ina jin su ta ƙofa. Abbanku ya tambaye shi tun yaushe, ya ce tun bara. Ya tambaye shi su wa da wa, ya ce kowa, har yaron mai tamis.

"Wato shekara guda ana kauce min a unguwar nan kamar rijiya," in ji Abbanku, "ni kuma ina shigowa gida ina yi wa matata alfahari. Wannan na yafe, don ƙauna ce. Amma Abakar, kuka rantse a kan 'yar mutane?"

Na ji Abakar, ƙaton mutumin nan, yana jan hanci kamar yaro.

Washegari da ƙafarsa ya je asibitin ido, ni na raka shi. Likita ya ce moya zarga ce, hawan jinin ido, mai cin gani daga gefe-gefe tana barin tsakiya, shi ya sa mai ita ba ya sanin tana cinsa. Ya ce abin da ya tafi ya tafi, magani sai dai ya tsare saura. To a nan nake so ku buɗe kunne, don a nan labarinku ya karkace. Babu wanda ya karɓe wa Abbanku ruksa. Haɗarin ƙarami ne, inshora ta gyara motar yarinyar, magana ta mutu. Da ya so, da ya ci gaba da tuƙi har ranar sabunta takarda, unguwa kuma a shirye take ta ci gaba da kauce masa. Ni ban ɓoye makulli ba, ban kai ƙararsa gun kowa ba. Shi ya wanke wanet ɗin da hannunsa, ya sa aka tuƙa masa ita zuwa shagon 'ya'yan Ammu Salih, ya ajiye makulli a kan tebur ya gaya musu dalili.

'Ya'yan sun yi iya ƙoƙarinsu, ba zan ci haƙƙinsu ba. Sun bar mu a gidan har iƙama ta ƙare, sun yi ta buga-bugar canza masa sana'a a takarda, abin bai yiwu ba ga mutumin da ya haura sittin kuma ido ya taɓu. Kai Mustafa ka yi ta sintiri ofis-ofis, aikinka bai kai ka ɗauke mu a kan taka takardar ba, kuma na san wannan ne ke cin ka har yau, shi ya sa kake neman inda za ka sauke. Mutane suka ba shi shawarar da aka saba bayarwa, ya shige ɗaki ya yi zamansa ba takarda, tsofaffi nawa ne ke zaune haka har ajali ya same su a kai su Baƙi'a. Ya ce shi bai iya zaman ɓuya ba. Ni kuma na ɗanɗana kuɗata a unguwa. Halime ta daina amsa gaisuwata. Aka yi biki gida uku ba a aiko min ba. Na ji da kunnena ana cewa matar da ta tona mijinta a gaban hukuma. Abin ya yi min ciwo ƙwarai, waɗannan matan tare muka yi wankan jegon junanmu.

Shi kuwa bai taɓa ce min don me ba. Wata rana bayan magariba muna ɗaure kaya, na ga ya zauna a kan akwati yana fuskantar wajen Harami. Na kasa daurewa na ce masa mutane na cewa ni na raba shi da Baƙi'a.

"Shekara arba'in ina roƙon Allah ya binne ni a garin nan," in ji shi. "Ban taɓa roƙonsa ya binne ni da jinin jaririn wani a wuyana ba. Miƙo min igiyar nan."

Damina biyu ya yi a garinsu. Ya ga gero ya fitar da kai, ya zauna a ƙofar gidan da aka haife shi, yara suna jan hannunsa zuwa masallaci. Kewar Madina ba ta sake shi ba ko na rana ɗaya, in aka kira salla sai ya ce yanzu a Ƙuba an idar. Kusa da mahaifiyarsa aka sa shi. Ni kuma ga ni na dawo ɗakin Zainabu da bizar ziyara, ina rubuta wannan. Shekaranjiya na sa aka bi da ni ta tsohuwar unguwa. An tumɓuke allunan, an sa danja, kowa ya kafe fitila da ido, babu mai kallon kowa. Allah ya jiƙan Malam, ya kai haske kabarinsa.

Saura abu ɗaya, kuma kai Mustafa kana wurin, kai ke tuƙi, sai dai ban sani ba ko ka ji da kyau, don fuskarka sharkaf take da hawaye. Ranar da za mu tafi filin jirgi, Abbanku na gaba kusa da kai, ni ina baya da Zainabu. Da muka doso mararraba na ga motocin unguwa sun cika sauran hanyoyin uku, sun fito sallama. Tankar Abakar a dama, mai tasi a hagu, Bayamanin mai kanti a gabanmu, wasu a bayansu. Halime ma na tsaye a bakin gidan tamis ta rufe fuska da mayafi. Ka tsaya. Babu wanda ya motsa, duk suna jira mu wuce. Ka ɗaga ƙafa daga birki za ka tafi, Abbanku ya dafa hannunka. Bai juya ba ya tambaye ni wa ya riga tsayawa. Na ce Abakar. Ya ce sai wa, na ce mai tasi, sannan mai kanti. Ya sauke gilashi ya fitar da hannu ya yi wa Abakar alama ya wuce. Abakar ya girgiza kai. Abbanku bai sauke hannun ba. Can sai tankar ta yi gurnani, ta taho a hankali ta gitta ta gabanmu, Abakar na tuƙi da hannu ɗaya yana share fuska da ɗayan. Mai tasi ya bi, mai kanti ya bi. Abbanku ya juya kai gaba ɗaya ya duba dama, ya juya ya duba hagu, ya ɗaga gilashi.

"Yanzu layinmu ne," ya ce. "Mu tafi."